Sunan Ɗiyata a Bakin Lasifika

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Hasken Maraice,
masu lasifika da ɗakin littattafai a bakin kasuwa,
Dogon Dutsi.

Kafin in gaishe ka, Malam Shugaba, ina da gargaɗi ga duk wanda takardar nan ta faɗa hannunsa. In kana da ɗiya, ka san inda kunnenta yake bayan la'asar. Tana iya tsayuwa tsakar gidanka da taɓarya a hannu, alhali ta daɗe da barin garin.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar girmamawa, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da samarin da ke ƙarƙashinka. Ni matar aure ce a garin nan, uwar 'ya'ya huɗu. Na yi lakkol, wato makarantar boko, har kolej a Yamai tun zamanin Nasara. Na faɗi haka ne don ka san abin da ke cikin littattafanku ba labarinsa aka ba ni ba, da idona na karanta.

Na farko, abin da ya faru.

Ranar kasuwar da ta wuce, wan maigidana ya zo daga Matankari, ya biyo ta gidanmu kamar yadda ya saba. Aka shimfiɗa masa tabarma gindin tsamiya, shi da ƙanensa, na kawo musu fura. Rana ta yi sanyi, inuwar dutse ta fara miƙewa kan gari, iska kuma daga wajen kasuwa take tasowa, tana kawo mana kiɗanku kaɗan-kaɗan. Sai kiɗan ya tsaya. Mai maganarku ya gyara murya ya ce faifan da zai sa yanzu na wance ne. Ya faɗi sunan ɗiyata, ya faɗi na ubanta, ya faɗi unguwarmu. Sannan ya ƙara da cewa saƙo ne daga wani masoyi wanda tunaninta ya hana shi cin tuwo.

Baƙon namu ya mayar da ludayi cikin ƙwarya. Bai dube ni ba, bai ɗaga murya ba. Ya jira har waƙar ta ƙare, sannan ya gaya wa ƙanensa cewa da zarar an gama yankan gero zai aiko a tafi da yarinyar wurin kakarta.

Don ka gane nauyin maganar, sai na koma baya. Yarinyar nan ita ce 'yar farina. Tun ranar da aka raɗa mata suna ban taɓa furta shi ba, kamar yadda kowace uwa mai kunya take yi a ƙasar nan. In ina nemanta sai in ce "ke," ko in aiki ƙanenta. Bisa al'ada, da aka yaye ta, hannun kakarta ya kamata ta koma a Matankari. Ni na roƙa a bar mini ita saboda lakkol. Wan ubanta, wanda shi ne babba a gidansu, ya yarda bisa sharaɗi guda: muddin ba a ji abin magana a kanta ba. Shekara da shekaru ba a ji ba. Bana ta ci jarrabawa, ta sami wuri a kolej a Yamai, an ce ta shirya tafiya in an buɗe lakkol bayan kaka. Akwatinta na kwano yana nan ɗakina, na fara jera mata zannuwa. Wannan tafiyar ce mai maganarku ya taka, don dai 'yan kasuwa su yi dariya.

Na biyu, wa ya ba da sunan.

Na bincika, kuma ba na bincike da wasa. Babu wani masoyi. Ita da hannunta ta rubuta sunanta a guntuwar takarda, ta jefa cikin kwalin da kuka ajiye bakin ƙofarku don masu zaɓen waƙa. Suna kawai ta rubuta. Ƙawarta da ta raka ta ta shaida, kuma yaranku da ke buɗe kwalin ba su musa ba. Masoyin da tuwon duka gishiri ne da mai maganarku ya barbaɗa, wai haka yake yi wa kowa don shiri ya yi armashi.

Na zaunar da ita na tambaye ta dalili. Ta daɗe tana zane a ƙasa da ɗan yatsa. Can ta ce, "Inna, a littafin nan da na aro uwar yarinyar tana leƙowa ta taga ta kira sunanta. So na yi in ji nawa ya bi iska haka nan."

Ban doke ta ba. Na tashi na shiga ɗaki, na tsaya ina duban bango.

Uwata ba ta taɓa faɗin sunan yayata, 'yar farinta, ba har ta koma ga Allah. Amma shekarar da yayata ta yi ciwon ido, ita ta goya ta, yarinya ƙatuwa, ta bi rairayi da ƙafa har inda mai magani yake, ba ta bari kowa ya karɓe ta ba. Mu haka muka ga so. Ba wanda ya taɓa ce mana akwai abin da ya rage a cikinsa, sai da littattafanku suka zo.

Na uku, littattafan hotuna.

Na karɓi waɗanda ke ƙarƙashin tabarmarta na karanta su ɗaya bayan ɗaya. Ba zan yi ƙarya ba, hotunan suna da kyau. Akwai gari da wani farin abu ke zubo masa daga sama kamar auduga. Akwai jirgin ƙasa da ke tashi, mace tana ɗaga hankici, hayaƙi yana rufe ta. Akwai teku da ba a ganin ƙarshensa, da gida mai taga babba wadda labule ke kaɗawa a cikinta ba dare ba rana. Mutum in ya daɗe yana dubawa, in ya ɗaga kai sai ya ga katangar gidansu ta yi gajarta.

Amma na duba daga bango zuwa bango, ban ga wanda ya ja guga ba. Ban ga mai daka ba, ban ga wanda ya durƙusa ya gaida babba ba. Abinci yana kan tebur, ba a san wanda ya dafa ba. 'Yan mata ba su da gwaggo, ba su da kawu, daga su sai wani mutum mai riƙe da fure. Waɗanda ƙannenta maza ke arowa sun fi muni: mutane bisa dawaki suna harbe juna, wanda ya faɗi ya faɗi ke nan, ba wanka, ba salla, ba mai zuwa gaisuwa. Yanzu autana karan dawa yake nuna wa akuya yana cewa ta mutu.

Ɗiyata kuwa, sau nawa nake samunta bakin turmi, taɓarya a sama, ido a kan dutse, kaji suna cin tsaba a gabanta. In na yi magana sai ta juyo a hankali kamar wadda aka taso daga nesa.

Na huɗu, kiɗan.

Ni ba maƙiyiyar waƙa ba ce. Na yi gaɗa da ƙuruciyata, har gobe in ina niƙa bakina ba ya rufuwa. Amma waƙarmu mun san abin da take cewa. In ta yi zambo mun san da wa take, in ta wuce gona da iri akwai tsohuwar da za ta tsawatar. Fayafayen nan naku na Kwango da na Kuba, wa ya san abin da suke faɗi? Na tambayi samarinku biyu, ɗaya ya ce soyayya ce, ɗaya ya ce shi dai daɗin yake ji. Yaranmu suna rera kalmomin da ko malamin lakkol bai san ma'anarsu ba.

Kuma kiɗan yana da hannu, na sani. Akwai wani faifai da kuke yawan sawa gab da magariba, mai jita da ke sauka kamar ruwa daga bakin tulu. Duk ranar da iska ta kawo shi sai in ga kogin Yamai a gabana, yadda muke hangensa ran Lahadi muna 'yan makaranta cikin layi: ruwa ya yi ja, masu kwalekwale suna tafiya ba sauri, wanki shanye a kan duwatsu. Sai in farga ina tsaye da muciya, tuwo yana neman kamawa. To in ya iya ɗaukar mace kamata, mai furfura a goshi, ina ga yarinyar da ba ta taɓa wuce Dosso ba? Ga shi ana cewa a wasu lakkolin wajen Yamai an fara gwada wani akwati, telebijin, wanda mutum zai yi magana a ciki kana ganinsa. Murya kaɗai ta yi mana wannan aiki. Ranar da fuska ta biyo ta, Allah ya sa akwai manya a kusa.

Kada ka ce ba na son yaro ya yi mafarki. Ni ma ina da nawa. Ina ganin babbar mota ta tsaya a tasha, ɗiyata ta sauko da farar riga, ta zama ungozomar asibiti. Ina ganin macen da aka ɗauko daga Sukukutane cikin naƙuda, ta sha rairayi da rana, ta buɗe ido ta ga mai duba ta tana yi mata sannu da harshen uwarta. Wannan nake gani duk lokacin da na buɗe akwatin kwanon nan na ƙara zane ɗaya.

Saboda haka ga roƙona.

Ɗaya, ka ɗauki mai maganarku, ku tafi Matankari da ƙafarku kafin a gama yankan gero. Kada ku aika takarda, kada ku gyara maganar ta lasifika, don wannan ƙara faɗin sunan ne. Wan maigidana ba ya jin takarda. Yana jin mutumin da ya tuɓe takalmi a ƙofar zaurensa, ya zauna ƙasa, ya ce ni na ƙara gishiri, yarinya ba ta san kowa ba. In kun yi haka ina sa ran zai sauko, don mutum ne mai tsauri amma ba azzalumi ba.

Biyu, kada a sake kiran sunan ɗiyar kowa sai da yardar ubanta. Wanda kuma ya riƙe lasifika ya karanta abin da aka rubuta, ya bar gishirinsa a gida.

Uku, a sa babba mai iyali ya riƙa duba littattafan kafin su shiga hannun yara, a kuma kashe kiɗa in an kira salla, ba sai liman ya aiko ba.

Na san da kyakkyawar niyya kuka kafa ƙungiyar nan, ƙasa sabuwa tana son samari masu buɗaɗɗen ido. Allah ya yi maka jagora, ya ba ka mataimaka masu hankali, ya raya naka 'ya'yan, ya rufa musu asiri kamar yadda nake roƙon ka taimaka a rufa wa tawa.

A gidana kuwa na riga na yanke, kuma maigida ya sa albarka. Ban hana karatu ba, ban toshe kunnen kowa ba. Amma daga yau duk littafin hotunan da ya shigo, wanda ya kawo shi zai zauna tsakar gida bayan la'asar, ya mayar da shi Hausa daga harshen Nasara shafi-shafi a gaban ubansa. Duk waƙar da yaro zai rera, sai ya fara gaya mana abin da take cewa. Shafin da baki ya kasa faɗa a gaban uba, littafinsa ba zai kwana gidana ba.

Wassalam.

Daga uwar yarinyar,
Dogon Dutsi.