Agogon Cozumel

Zuwa ga matata Perlita,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikoki, ya ƙafar taki? Ni lafiya lau, kada ki damu.

Sai dai tashar jiragen ruwa ta Cozumel kam na yafe ta. Na sauka sayo miki man zafi, na bi agogon gari, ashe na jirgin da nake aiki a ciki ya riga shi da awa guda. Na iso ana janye matakala, fasfona yana ciki. Mai gadi ya ce, "Baba Crisanto, saura ƙiris ka zama ɗan gari!" Na yi dariya, na haye jirgi da sauri. An ba ni gargaɗi, na biyu kora ce.

Alhamis za mu koma can. Ina ɗakin wanki bakin aikina, ko leƙe ba zan yi ba. Man ya faɗa teku wajen gudu. Ki shafa addu'a, ki rage mini.

Mijinki,
Crisanto