Faifan Bahaguwa

Laraba da dare, Konni

Yatsuna sun yi ja da rinin kaba, bayana yana ciwo, amma raina fari ƙal.

Kullum Inna Hajo mai kai mini fayafayai kasuwa cewa take, "Ke Rabi, saƙarki baibai take juyawa. Koma dama, ko in bar ɗauka." Na gwada, hannun ya ƙi.

Da la'asar sai ga wata mata bisa babur ɗin kabu-kabu tun daga Alela, riƙe da wani tsohon faifaina. Irinsa take so na kayan ɗakin ɗiyarta. Ta ce, "Na gama kasuwa ina neman wannan juyin, anka ce sai gidan bahaguwa."

Wai Inna Hajo ce ta kwatanta mata gidan! Gobe in Inna ta zo ɗaukar kaya ba zan ce uffan ba. Da hannun dama ma zan miƙa mata.