Kwalaben Kan Tagar Mama

Litinin, 3 ga Maris
Wata kwalbar kuma! Yaya ya aiko wa Mama kafson koren shayi, wai na rage ƙiba. Ga na ƙanwarmu Auta, wai na ƙarin kuzari, ga ƙwayar wanke ciki daga matar Yaya. Duk suna can nesa. Ni ce a gida da ita, amma ba wanda ya tambaye ni.

Alhamis, 6 ga Maris
Na ce ta zaɓi ɗaya. Ta ce a cikin 'ya'yanta na wa za ta ƙi? Kullum da safe sai ta jera su a kan taga ta shanye, cikinta ba ko loma. Wai kada wani ya ji an fifita wani.

Talata, 11 ga Maris
Barci ya gagari Mama, zuciyarta sai bugawa, abinci ba ya shiga. Na kira Yaya, ya ce ai ganye ne, ganye ba ya kisa, ni dai na cika ƙorafi. Na kashe wayar kafin in yi masa rashin kunya.

Asabar, 15 ga Maris
Idonta ya yi rawaya. Na kwashe ta da kwalaben sai asibiti. Likita ta duba bayansu ɗaya bayan ɗaya, ta ce suna ne kawai ya bambanta, duka ukun sinadarin koren shayi ne mai ƙarfi a ciki. Ya taru ya yi wa hanta yawa. An ba ta gado.

Lahadi, 16 ga Maris
Na gaji.

Talata, 18 ga Maris
Yaya da Auta sai ɗora wa juna laifi suke yi a waya, ni kuwa ina riƙe da robar amai. Mama da ƙyar take magana, amma abin da ya dame ta shi ne, "Kada ki zubar min da kayan yarana." Kamar in fashe don haushi. Muna komawa gida sai bola.

Juma'a, 28 ga Maris
An sallame mu, hanta ta fara dawowa daidai. Ƙwayoyin na zubar da su tas. Kwalaben dai na wanke na mayar kan taga, don kawai wurin ya yi wani iri ba su. Ɗazu na ga tana shafa ta Auta da yatsa. Na matsar mata da kujera kusa da tagar, na ce don ta sha iska.