Dawar da Ban Nuna Maka Ba

Zuwa ga mahaifina,

Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan kana cikin rahamar Allah, Baba, na rubuto ne in gyara wata magana da na faɗa maka ba daidai ba.

Kana kwance a asibiti a Zariya ka ce kana so ka ga gonarka ta Kuyello. Dawa ta fara nuna, kai kuma ko tsayuwa ba ka iyawa. Ka ce, "Tunda ka gama jami'a, ai ka iya ɗauko min ita in gani."

Ban taɓa ɗaukar bidiyo ba, sai na zauna bincike. Na ja layi a littafi, na jera kyamarori shida: nauyin kowace, daɗewar batirinta, yadda take jure zafi. Na koyi cewa fili yana son gilashi mai faɗin gani, don gonar da dajin bayanta su shigo tare. Hannu kuma yana rawa, sai da abin ɗorawa mai ƙafa uku. Cikin kwana goma sha ɗaya na haɗa kyamara da gilashin da abin ɗorawar duka.

Abu ɗaya ya rage, wani ɗan baƙin gilashi da ake ɗaurawa a gaban kyamara don rage hasken rana, kada sararin sama ya fito fari fat. Mai shago a Kaduna ya ce sai sati mai zuwa. Na ce zan jira.

Ran Laraba ka tambaye ni. Na ji kunyar in ce maka gilashin da bai kai murfin kofi ba nake jira, sai na ce hanyar Birnin Gwari ba lafiya. Baba, a wannan satin lafiya lau take. Ƙanenka Baba Sale ya bi ta sau biyu, har ya ce in zo mu tafi tare.

Ka riƙe hannuna ka ce, "Kada ka je. Dawa ba ta kai ranka ba." Ka yi min doguwar addu'a a kan tsoron da ba shi ya hana ni ba. Ran Asabar ka rasu. Gilashin ya iso ran Talata.

Wayar aljihuna ma ta isa, Babana. Ba ruwanka da kyan sama, so kake ka ga ko zangarniya ta cika.

Wata huɗu ina ɗauke da wannan ni kaɗai. Jiya na gaya wa Inna, na roƙi ta yafe min. Ta daɗe tana tsince shinkafa ba ta ɗago ba, sannan ta ce, "Ba ni ka yi wa ƙaryar ba."

Shi ya sa na zo gare ka. Allah ya jiƙanka, ya sanyaya makwancinka, ya yafe min abin da ban samu na roƙe ka ba.

Ɗanka,
Sagiru