Ƙasar da Aka Sayar da Mutanenta a Ciki

Litinin, 2 ga Oktoba

Hikima ta bugo daga Luwiziyana. Nan da mako uku za ta yi jarrabawar zama 'yar Amurka. Na ce to. Ɗiya ɗaya gare ni, shekararta bakwai tana aikin jinya can.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Tana bitar tambayoyin a waya, ina tsince shinkafa. Wata tambaya ta ce: wace ƙasa Amurka ta saya daga Faransa? Amsar, Luwiziyana, inda take zaune. Na sa ta maimaita. Na rubuta sunan sau huɗu kafin ya tsaya daidai.

Talata, 10 ga Oktoba

Na dawo daga kasuwa na tsaya wajen Malam Lazarus, maƙwabcinmu da ya koyar da tarihi a Jangebe. Bayan gaisuwa na tambaye shi labarin Luwiziyana. Ya ce Faransa ta riƙe wurin, ta ba Sifen, ta karɓe, ta sayar a 1803. Bayan shekara tara aka maida wani yankinsa jiha.

Na ce, mutanen fa, an tambaye su?

"Hajiya, wa ya tambayi babanki ranar da ruwan dam ya ci gonarsa a Maradun?"

Ya ce jikokin mutanen can har horo aka yi musu a makaranta in sun yi Faransanci.

Juma'a, 13 ga Oktoba

Suwaiba, jikata da ke can wurin Hikima, ta karɓi waya ta ce mini "ina kwana" da la'asar. Gaisuwar nan kaɗai ta rage mata a Hausa.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Na ce wa Hikima in ta rantse musu, shi ke nan, ta zama tasu. Ta ce, "Inna, takarda ce. In babu ita, duk fitar da na yi ina tsoron a hana ni komawa wurin ɗiyata." Shi ya sa shekara huɗu ba ta zo ba. Ban taɓa tambaya ba. Ni na ɗauka ba ta so.

Laraba, 25 ga Oktoba

Gobe ne jarrabawar. Na soya masar shinkafa na kai wa Malam Bube, malamin unguwarmu, sadaka. Ya ce wace addu'a za a yi, Hikima ta dawo gida?

Na daɗe ina gyara mayafi.

Na ce ta ci jarrabawar. Man gyaɗa ya ƙara tsada.