Ba Na Iya Goyo

Dogarawa, Sabon Gari
4 ga Mayu, 2006

Yaya Stephanie,

Ki zo ki ɗauki 'yata Marvellous. Abin da nake so ke nan. Maƙwabciyata Malama Clara ce ke rubutawa, ni ina faɗi, na ce kar ta gyara min magana.

Ina gaishe ki cikin sunan Yesu, da maigida da yara.

Yaya, ba na iya goyo. Jiya na ɗora ta a baya, kafin in ɗaure zani na durƙushe. Tun Ista bayan ke ciwo, na ɗauka nauyinta ne, har wajen mai ɗori na je ya murza ni. Da aka yi hoto a asibiti, likita ya ce ciwon dajin nan ne ya shiga ƙashin bayana. Na ce masa ta yaya, ba kun cire nonon ba? Abin da aka yanke aka yar, ta ina ya dawo?

Babanta Sebastian tun safe yake fita nema a unguwar PZ. Yarinya na kuka, ni sai kallo. Tsoro nake ji.

Ƙanwarki,
Keziya

Samaru
6 ga Mayu

Keziya,

Takardarki ta iso, muna amsa gaisuwa. A tsaye na fara karantawa, sai da na nemi kujera.

Ban faɗa miki ba? Daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, kowa ya sani. Wata takwas kina shafa maganin da na kawo miki daga gida, kina tafiyarki da ƙafarki. Kika bi maganar mijinki aka sa wuƙa, ga shi ya watsu. Shi ya sa ban ƙara taka gidanku ba, ba zan iya gani ba.

Kada ki yarda da wata allura. Zan aiko da sabon magani. Maganar yarinya kuwa ki bar ta, wa ke ba da 'ya yana numfashi? Kada ki ja wa kanki da bakinki.

Ubangiji ya taɓa ki.
Yayarki,
Stephanie

Dogarawa
11 ga Mayu

Yaya,

Na gaishe ki. Kar ki aiko da maganin.

Na tambayi likita maganar wuƙa, ya ce ba ita ba ce. Kin tuna kaluluwar da ta fito min a hammata, muka ce magani ne ke aiki? Wai tun lokacin ya kama hanya. Wai 'yan ƙwayoyinsa ke ɓallewa su bi jini, su sauka a ƙashi, ko huhu, ko hanta. Kafin a yanka sun riga sun tafi, a watannin nan da muke shafawa.

Malama ta ce a bar wannan, na ce ta rubuta. Ba ɗora miki nake ba, da hannuna na shafa. Don dai kar ki kai wa wata ne.

Allurar da likita ya rubuta zan karɓa. Ya ce za ta rage ciwon, bai ce za ta warkar ba, na saurara da kyau.

So nake yarinyar ta saba da ke tun ina gani. Ba ta cin yaji, kuma sai ta riƙe kunnen mutum take barci, ki bar mata naki.

Sai kin zo. Maganar ba ki ita, Mama ban gaya mata ba tukuna. Na gaya wa Sebastian, ya fita waje ya daɗe. Na gaya wa matar Pasto. Ita ma Marvellous na gaya mata da safe, na ce ranar Asabar za ta Samaru. Ta ce, “Mota?” Na ce eh, mota.

Keziya