Kwana Ashirin Don Geron da ke Cikin Ganuwa

Zuwa ga Maigirma Sarkin ƙasarmu, Allah ya ja zamaninka.

Bayan gaisuwa da biyayya, ni ne Nomau, talakanka mai noma cikin kufan ganuwar da ke kan tudu, gabas da Birnin Lalle. Sau uku ina zuwa fada dogarai na cewa kana barci, shi ya sa na roƙi malam ya rubuta wannan a karanta ranar kasuwa, ko wani mai sa'a zai same ka a farke.

Na farko, ina taya fada murnar tuna ganuwar. Shekara bakwai da suka wuce, da na hau da gatari, babu mai gadonta sai kuraye da kububuwa. Na sare geza, na kwashe duwatsu, na toshe inda ta zube da ƙaya. Ba wanda ya ce mini kufan kakannin wani ne. Sai bana, da gero ya fi tsayin mutum, jakadanka ya biyo ta hanya, ya ɗaga kai, tarihi ya faɗo masa. Ya ce in fita kafin Juma'a, za a kawo baƙi daga Abzin su ga aikin magabata, a ɗaure raƙumansu a ciki.

Na biyu, tun da baƙi za a nuna wa, bari in taimaka, don na fi jakada sanin wurin. Gindin ganuwar dutsen marmara ne, samanta tubali da jar ƙasa, faɗinta jakai biyu da kaya sa wuce. Ƙofa biyu gare ta, gabas da yamma, kowace da zaure mai lanƙwasa don kada doki ya shigo a guje. Akwai kafofin harba kibiya, akwai ramin gwalalo kewaye da ita. Magina sun tuna komai, ranka ya daɗe, sai ruwa. Ramuka uku na tarar na rijiyoyin da aka fara aka bari, ɗaya ma ya cinye mini akuya.

Na uku, jakada ya ce ba a taɓa cin ganuwar da yaƙi ba. Gaskiya ya faɗa. Kakata tana budurwa a ciki, ita ke sauka ɗebo ruwa. Ta ce da mahara suka zo, ko kallon ganuwar ba su yi ba. Bakin rijiyar da ke gindin tudu suka sauke kaya, suka yi ta dama fura. Kwana tara, mutanen ciki suka buɗe ƙofa da hannunsu, kwari cike da kibau. Ban san ko baƙin namu jikokin waɗancan ne ba. In su ne, kada jakada ya wahalar da bakinsa, an ba su labarin tun a gida.

Na huɗu, ga abin da ya hana ni sakewa. Gerona ya zubar da bununi, ido ya fara kamawa. Mutum tara ke ci daga hannuna, kuma ba ni da wata gona, ta gangare rairayi ya binne ta. In raƙuma suka kwana biyu a ciki, ko kara ba zan samu ba. Tsoro nake ji, ranka ya daɗe, ban ɓoye ba.

Ba na jayayya da gadonka. Roƙona a ɗaure raƙuman a waje. In hakan ya rage darajar baƙi, a ɗaga zuwansu kwana ashirin in yanke in ɗaure, sannan in miƙa wa jakada kufan a share. Ganuwar ta jira tun zamanin kakata ba ta yi ƙorafi ba, yarana kuwa ba za su iya jiran wata damina ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ƙasarka, ya sa wannan ta riga Juma'a isowa kunnenka.

Wassalam.
Talakanka, Nomau na kan tudu.